Ƙaguwar Baldomero

Ofishina a ƙasan bene yake, jikin ɗakin wankin zannuwa,
a asibitin Castro, tsibirin Chiloé,
inda ruwan sama ba ya sallama kafin ya shigo.
Ban taɓa riƙe allura ba.
Aikina in karanta abin da likita ya rubuta,
in nemo wa ciwon lambarsa.

Litinin, kafin shayina ya huce,
takardar Baldomero Huenchur ta sauko.
Masunci ne, saba'in da ɗaya,
ya faɗi a kwalekwale yana jan koma.
Nas ɗin ƙauyensu ta rubuta yadda ya faɗa:
ƙaguwa ta kama masa ƙirji, ta ƙi saki.
Likitan dare ya ce bugun zuciya.
Na safe ya ce jijiya ce ta toshe.
Ɗalibin da ke bin su ya ja haruffa uku
kamar kaza ta taka tawada.

Baki huɗu, ƙirji ɗaya.

Na buɗe kundin sunayen cuta.
Bishiya ce, sai ka hau:
daga jiki zuwa zuciya, daga zuciya zuwa jijiya,
reshe na ƙara sirancewa
har na tarar da ganye biyu maƙwabta.
Ɗaya na ciwon da ke ci yanzu,
ɗaya na wanda ya ci ya wuce.
Tsakaninsu bai kai faɗin farcena ba.

Ban yi canke ba. Na hau bene,
gwiwata na ƙorafi a kowace matakala.
Na sami Dakta Quilodrán a tsaye yana cusa burodi.
Sabo ne ko tsoho?
Sabo, Eliana, ya ce da cikakken baki,
jiya jiya.
Na sauko na danna.

Da na tsaya nan, da na ci abincin rana a kan lokaci.
Amma akwai tsohon fayil, mai warin rumfar kifi,
a gefen wani shafi da ya yi ruwan ƙasa
likitan da muka binne shekara tara da suka wuce
ya rubuta da fensir:
an ba shi fenisilin, fuska ta kumbura, numfashi ya sarƙe.
Ba na'urar da ta taɓa karanta wannan fensir.
Na ba shi lamba shi ma.

Lokacin motar asibiti na kan jirgin fito,
a tsakiyar mashigin Chacao, igiyar ruwa na jijjiga ta,
'yarsa Fresia na riƙe masa ƙafa.
Lambobina ba su jira jirgi ba.
A Puerto Montt wata likita da ban san fuskarta ba,
wadda ba ta taɓa jin muryarsa ba,
ta karanta su kamar ita ta rubuta.
Da zazzaɓi ya taso masa daren Laraba
sai ta tsallake kwalba ɗaya, ta ɗauki ta kusa.
Ni haka nake hango abin.
Ba mai saukowa ƙasan bene ya ba da labari.

Ƙaguwar ce ta dame ni.
Na neme ta a kundin har injin wanki ya yi shiru.
Akwai lambar wanda cin ƙaguwa ke sa wa borin jini,
babu ta wanda ta shiga ƙirjinsa ta zauna.
A ɗan akwatin da ke can ƙasa,
wanda ba a ƙirga abin da ke cikinsa,
na buga maganarsa yadda ya yi ta.

Bayan mako bakwai wata takarda ta sauko,
rubutun nas ɗin ƙauye, mai karkata hagu:
ya ce ta saki, amma yana jin sawunta in ya hau tudu,
kuma yana tambaya yaushe zai koma ruwa.

Na buɗe kundin, na hau bishiyar,
na wuce ganyen da na danna wancan karon,
na danna maƙwabcinsa.