Falwaya Ta Ɗari Da Sha Bakwai

Shekara talatin ba ɗaya ina hawa.
Daga Ƙofar Sauri zuwa Mashi, daga Mashi zuwa Daura,
babu falwayar da ba ta san gwiwata ba.
Ɗamarar fata a ƙugu, filaya a aljihun baya,
goro a kunci don kada hajijiya ta ɗebe ni.
Yatsu biyu na bari a Shargalle
ranar da aka ce an kashe layi, ashe ba a kashe ba.
Isiya kuwa gaba ɗayansa ya bari.
Ni na kai wa matarsa takalminsa, wari guda,
ɗayan har yau ba mu gan shi ba.

Yanzu Safara'u ce ke duba layin,
autata, wadda ko katangar gidanmu ba ta taɓa hawa ba.
Akwati take buɗewa a bayan mota,
wani abu ya tashi da fukafukai huɗu
yana ƙugi kamar an taɓa amya.
Jirgi marar matuƙi, in ji takardar ofis.
Ni mazari nake ce masa.
Ba linzami, ba akala.
Ta nuna masa hanya da sassafe,
shi ke bi, shi ke tsayawa, shi ke leƙa tangaran,
ya ji zafin waya tun ba ta yi ja ba.
Abin da muke yi mako uku da gumi da kaushi
kafin azahar ya gama, ya dawo ya kwanta.

Haushi na ji, ba zan ɓoye ba.
Na ce da ita, abin da ba shi da gwiwa
me ya sani game da tsawo?
Ta ce, Baba, abin da ba shi da gwiwa
in ya faɗo ba ya barin marayu.
Na tofar da goron.
'Ya'yan Isiya biyar ne.

Jiya bayan magariba ta kawo mini allon.
Layi kore shar, sai ɗigo ɗaya ja.
Falwaya ta ɗari da sha bakwai.
Mazari ya rubuta: tarkace, haɗari, a cire.
Ta buɗa hoton da yatsu biyu,
daidai biyun da ba ni da su,
sai ga kirare, ga tsumma, ga ƙwai uku,
ga shamuwa tsaye a kansu
tana hararar idon gilashi.

Na san gidan.
Kakar kakarta ta aza harsashinsa
shekarar da aka yaye Safara'u.
Duk bazara in na hau sai mu gaisa:
sannu da hanya, yaya kudu, ruwa ya kusa?
In janye karan da ya doshi waya,
in sauko in rubuta a littafi: lafiya lau.
Rabi ƙarya ne,
amma ba a taɓa ɗauke wuta saboda ita ba.

Na ce, mazari ba shi da laifi,
abin da ya gani ya faɗa.
Ido gare shi, ba shi da bara,
balle bara waccan.

Ta ce, to me zan rubuta?
Na ce, ki ba ta zuwa kaka.
Duk Laraba ki tura shi ya leƙa daga nesa, kada ya yi mata fifita.
In kara ya doshi waya, a tura mutum.
Ta ce, wane mutum?
Na dubi gwiwata, gwiwata ta dube ni.

Ta daɗe tana kallon allon.
Sannan ta danna, ja ya koma rawaya.

Gobe da asuba zan bi su a mota.
Ba hawa, ta ce, ka ji ko, Baba? Ba hawa.
Na ce na ji.
Gaisuwa kawai zan kai.
Ɗamarar dai tana cikin jaka.