Ɓurɓushi a Cikin Jini

A asibitin Puno, da sanyin safiya,
malamar jinya Eleuteria ta ɗaure min dantse,
ta laluba jijiya, ta soka allura.
Kwalba biyu, da sunana a jiki: Ubaldina.
Na ce, "Ɗan yana ciki, ke kina hannu,
wa ya taɓa neman kifi a kan tudu?"

Ta yi dariya, ta danna auduga.
Ta ce, "Ke da kika taso a tsibirin ciyawa,
kin san yadda yake ruɓewa ta ƙasa,
kuna shimfiɗa sabuwa a sama,
tsohuwar tana sakin jiki cikin tafki.
Haka mabiyiya take.
Kullum tana kakkaɓe ɓurɓushinta a jininki,
ƙwayoyin da ido ba ya kamawa,
mu tsince su, mu karanta ɗan
tun bai san da mu ba."

Na ce, "In an haihu fa, sai su wanke?"
Ta ce, "Yawanci. Amma wasu kan maƙale,
su sami gurbi a ɓargo, a hanta, a huhu,
shekara talatin suna nan zaune."

Ban tanka ba. Na sauke hannun riga.

A kwalekwalen komawa, inji yana tari,
na tuna Wilmer.
Shekara tara da ruwan nan ya ci shi,
da jar hular da na saƙa masa.
Mabiyiyarsa ubansa ya kai gaɓa ya binne
da toka da ganyen koka.
Takalminsa na ba 'yar'uwata.
Na ɗauka tafki ya haɗiye duka,
bai rage min ko ƙwayar dankali ba.

Ashe tun yana ciki
yake ajiye min guzuri ban sani ba,
kaɗan-kaɗan, kamar mai tsoron a hana shi.

Yanzu ga na bayansa
yana zuba nasa a kogi guda.
Can wani lungu ƙarƙashin haƙarƙari
wataƙila sun gaisa.
Sun riga ni.

Mijina ya tare ni a bakin tsibiri,
ya kama igiya, ya ce, "Me suka gani?"
Na ce, "Sai bayan kwana goma."
Ya dubi audugar da ke manne a hannuna,
da ɗigon ja a tsakiyarta,
ya kai yatsa zai cire ya yar.
Na ce, "Bar ta."