Mai Yankan Makulli

Shekara talatin da ɗaya ina yankan makulli
a bakin Tsohuwar Kasuwar Gombe,
ƙarƙashin dogon yaron da ya san gemuna tun yana baƙi.
Kwaɗon shago, na akwati, na rumbu,
miƙo mini in leƙa bakinsa sau ɗaya,
magagari ya ƙarasa zancen.

Sai fuka ta yi mini sallama.
Asibiti suka ba ni wani ɗan shuɗin abin fesawa.
Fesa biyu, ƙirji ya saki,
iska ta shigo kamar an ɗage labule.
Amma hannu ya kama rawa.
Ran Talata na ɓata wa Alhaji Bappa mai taya makulli uku,
na biya daga aljihuna.

Da dare na ce wa Dudu,
autata mai karatun haɗa magani:
"Ke, me ya haɗa ƙirji da yatsa?
Na aiki yaro Kumo, me ya kai shi Dukku?"

Ta ajiye cokali tana dariya.
"Baba, ai sana'arka ce.
Jikinka gari ne, gidaje ba iyaka,
kowace ƙofa da ɗan kwaɗonta, ido ba ya gani.
Jiki na yanka nasa makullan.
Magani baƙo ne mai riƙe da kwafi,
bai san unguwa ba.
Jini ke goya shi kamar ɗan acaɓa,
lungu-lungu yana gwada ƙofofi.
Inda haƙori ya zauna, ya murɗa,
mutan gida su tashi su kama aiki.
Kwaɗon da ke hanyar numfashinka
yana da ɗan'uwa a tsokar hannunka.
Makulli ba ya karanta lambar gida."

Ban ce komai ba.
Na taɓa yanka wa wata mata makullin kicin
ya buɗe ɗakin maƙwabcinta a Bolari.
Har ofishin 'yan sanda muka je.

Gidado yaron shagona ne, hannunsa ya fi nawa.
Ƙwaya ɗaya da safe, wai don ƙarfin aiki.
Bayan Sallah ta zama biyu.
Kafin damina ta ɗauke, na daina ƙirga.
Dudu ta ce: "Gidan da aka dama da bugu,
masu shi kan toshe wasu ƙofofin da laka.
Makulli ya yi yawa, ƙofa ta yi kaɗan,
sai ya ƙara, su kuma su ƙara toshewa."

Wata Asabar na same shi bayan rumfa,
leɓe ya yi toka,
numfashi ɗaya, sai a jira,
a jira,
kafin wani ya biyo.
A Keke muka kai shi, kansa bisa cinyata.
Wata nas ta soka masa allura.
Ban gama salati uku ba
ya ja iska, ya buɗe ido, ya zage mu duka.

"Wannan fa?" na tambayi Dudu a baranda.
Ta ce: "Shi ma makulli ne.
Yana shiga, ba ya murɗawa.
Ya ture wancan, ya zauna a ramin,
ba ya buɗewa, ba ya bari a buɗe."

A sana'ata, sunansa ɓatacce.
Ina da gwangwanin madara cike da irinsu
a ƙarƙashin benci,
ukun Alhaji Bappa na sama-sama.
Jiya ɗan gwangwan ya zo da sikelinsa
ya yi tayi, na ce albarka.

Gidado ya dawo, ya rame,
hannunsa ya fi nawa rawa yanzu.
Da safe nakan fesa biyu, in ajiye magagari,
mu zauna mu biyu muna kallon titi
har yatsu su natsu.
Masu kwaɗo su yi haƙuri.