Uwar Garke

Bayan isha'i asibitin Aujara ya yi tsit,
sai fankar uwar garke ke nishi
a ɗakin da muke tara gidajen sauro.
Lantana ungozoma ta leƙo da cocila:
"Yaro, injinka ya sake kwanciya.
Tun ɗazu nake son shigar da haihuwa, ya ƙi."

Na ja kujera. Baƙin allo,
ɗan haske yana ƙifta ido, yana jiran bakina.
Harufa uku na buga,
sai ga garke ya jeru, kowa da sunansa,
kowa da abin da ya ci.

Kayan jaki tara aka ɗora wa jaki biyu.

Mudi na ɗakin magani, kashi huɗu.
Lantana biyu da rabi, tana bin layi.
Ni ko ɗaya ban cika ba.
Na ce a jero su daga mai haɗiya zuwa mai lasa,
sai suna ya hau sama, tamanin da bakwai:
ilu.

Malam Ilu, da muka kai makwanci
ranar da aka soma yankan gero.
Wata biyar ke nan.
Shi ya ɗaure wannan aiki da agogo:
kullum ƙarfe tara ya tashi,
ya kwashi sunayen jarirai, da ranar rigakafi,
da abin da sikeli ya faɗa,
ya zuba a wani rumbu
don ranar da sola za ta ci amana.
Ba wanda ya gaya wa aikin an yi rasuwa.

Lambarsa na gabana.
Kalmar kisa gajeriya ce, yatsa ya san hanya.
Lantana ta ce, "To?"

Ban kashe ba.
Na dai rage masa hanzari,
yadda ake ce wa dattijo a bakin rijiya:
Baba, ɗan dakata, mai jego ta ɗiba.
Tara ta koma shida, shida ta gangaro biyu,
fanka ta sauke murya.

Lantana ta rubuta: mace, kilo uku ba kaɗan.
Gurbin suna ta bar shi fili, sai ran bakwai.
Can ƙasan allo, a layin ƙarshe,
Malam Ilu ya jira ta gama,
ya ɗauki yarinyar haka nan, ba suna,
ya kai rumbu.