Mai Hoton Sama

Shekara talatin ina ɗaukar hoto a Ƙaura Namoda,
shagona na kallon tsohuwar tashar jirgin ƙasa.
Ban taɓa danna maɓalli ba sai na ce,
"Gyara hula. Ɗago haɓa. Kar ka ƙifta."

Jiya bayan lisha
Saje Ɗantsoho ya nuna min da sandarsa
wani ɗigon haske yana rarrafe tsakanin taurari:
"Ga abokin sana'arka can.
Shi ba ya sallama."

Ya zana min shi a ƙasa da tsinken tsire:
doguwar ganga, kamar an kwantar da rumbu,
a gindinta madubi, ya fi tabarma faɗi,
an goge shi har ƙwayar yashi laifi ce.
Fukafukai biyu, ba na tashi ba,
na shan rana.
Faɗuwa yake ta yi,
ƙasa tana goce masa.

Daga arewa ya gangara kudu,
kafin tuwo ya nuna ya kewaye duniya.
Da hantsi yake aikinsa,
don inuwa ba ta iya ƙarya:
ita ke tona tsawon hasumiya,
ita ke raba tanti da tarin harawa.

Na zamanin da, in ji Saje, fim suke ci irin nawa,
su tofo shi cikin gwangwani mai laima,
jirgi ya cafe a iska kamar shirwa.
Na yanzu turowa suke,
ba wanki, ba ɗaki mai duhu.

Na ce, me yake nema?
Ya ce, abin da aka ɓoye:
sawun taya inda babu hanya,
toka inda babu gari,
babura arba'in a gindin kuka ɗaya.

Sai na yi shiru.
Wata huɗu ke nan da aka tare su Nomau, ƙanena,
a hanyar Zurmi.
Hotonsa na fasfo yana aljihuna,
ni na ɗauka; ya ƙifta, muka sake.

"Saje, idon da ke ƙirga babura
ai ya ga mutum a ɗaure."
Ya daɗe yana share zanen da ƙafa.
"Daga can mutum ɗigo ne,
ba fuska, sai tsakar ka.
Kuma hoton na masu shi ne."

Gobe da hantsi zan fito fili,
in cire hula, in ɗago haɓa,
in ɗaga masa Nomau sama.
Ba zan ƙifta ba.