Babban Yatsa Ba Ya Ɗaga Kai

A barandar Lonzo Prewitt, yamma da kogin Green,
can Kentucky, inda tarin tokar kwal ya fi coci tsawo,
na zauna da jitar da na saya dala arba'in a gwanjo.
Ya juya ta, ya shinshina cikinta, ya ce,
"Ɓera ya taɓa haihuwa a nan. Ba laifi. Za ta yi."

Ni waƙa na zo koyo.
Ya miƙo mini farcen roba, na zura a babban yatsa.
"Tsirkiya ta shida, sai ta huɗu.
Ta biyar, sai ta huɗu."
Na ce, sai kuma me?
Ya ce, "Sai kuma Laraba."

Laraba bakwai ina dukan tsirkiya uku,
dum, cak, dum, cak,
tafiyar alfadari mai jan amalanke cikin rami.
"Kwantar da gefen tafinki a kansu,
toshe musu baki kaɗan,
su yi magana kamar mai gunaguni cikin bargo."

Sannan ya ɓullo da mugunta.
Ina cikin kaɗawa sai ya jefo tambaya:
kaji nawa ne a ƙarƙashin motar can?
Kakar uwarki, wa ta aura?
Da na buɗe baki, yatsa ya tsaya cak,
kamar yaron da ya ji an kira sunansa.
Ya yi dariyar da ta koma tari,
ya lalubo bututun iskarsa ya mayar a hanci.
Shekara talatin da ɗaya a ƙarƙashin ƙasa,
ramin ya biyo shi gida, ya tare a ƙirjinsa.

"Babban yatsa ɗan rami ne," in ji shi.
"Bai san ana ruwa ko rana a sama ba,
sara kawai yake yi.
Manuniya ita ce 'yar gari,
ta gaida wannan, ta yi tsegumin wancan,
ta dawo gida a makare."

An ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.
Nan kuwa hannu ɗaya ake so ya zama mutum biyu,
kowa da harkarsa, kwano ɗaya suke ci.

Kanta ta fito mini a yatsun hagu,
na daina jin zafin kofi.
Wata rana na wurga farcen cikin tumatirin Odessa,
na yi rantsuwa na bari.
Ta tsinto shi, ta wanke, ta aje a kan tagar kicin,
ba ta ce da ni uffan ba.

Shi ba ya yabo. Takalminsa nake kallo,
tsohon takalmin aiki mai ƙarfe a baki,
a kafe kan katako kamar an buga masa ƙusa.

Cikin Nuwamba, ruwa na dukan kwano,
Odessa ta ƙwala kira daga ciki:
wake da burodin masara, za ki ci ko za ki gudu?
Na ce zan ci, amma a rage gishiri.
Ta ce gishirinta daidai yake, bakina ne ya lalace.
Muna ta ja, muna ta ja,
sai na ji wani yana kiɗa a cinyata.
Dum, cak, bai tsaya ba,
ga manuniya ta saɗaɗa ta tsakanin sawunsa,
ta tsinko wata siririyar murya daga tsirkiyar ƙasa.

Na sunkuya in gani.
Nan take komai ya watse.

Amma katako na rawa a ƙarƙashin kujerata,
takalmin bai riga ya ji labari ba,
sai da ya ƙara taku uku.

Lonzo na kallon ruwa, ba ni ba.
"Kin leƙa," ya ce. "Ba a leƙa rami.
Laraba."