Ɗakin Goro a Aboabo

Kafinta Kwabena ya ce sidi ɗari huɗu.
Na ce ya barshi, ina da hannu biyu.

Ɗakin nan na bayan gida,
tun rasuwar Baba Tanko ba a buɗe shi ba.
Damina uku ruwan Kumasi na dukansa.
Kwaɗon ya yi tsatsa, sai da guduma ya saurare ni.
Wari ya tare ni a bakin ƙofa
kamar mai bin bashi:
fumfuna, jiƙaƙƙen buhu, fitsarin ɓera.

Na ari tsani wurin Maame Adwoa,
ta riƙe min ƙafarsa tana addu'a da yarenta.
Huji bakwai na ƙirga a kwanon rufi,
na toshe da tsumma da kwalta.
Babban yatsana ya karɓi dukan da aka yi wa ƙusa tanadi.

Na fasa bango na fitar da taga, karkatacciya,
iska dai ba ruwanta da kyan hanya.
Na kankare koren, na shafa farar ƙasa sau biyu,
gawayi a kasko, kowane lungu ɗaya.
Azumi ta ƙara ɓawon lemo a garwashi.

Kwana tara warin ya yi yana haɗa kayansa.

Ran na goma na shiga na shaƙa: babu komai.
Har ƙamshin ganyen goron nan
da ke bin rigar Baba in ya dawo kasuwa.

Na fita bola da gudu.
Huhu ɗaya bai ƙone ba.
Na kakkaɓe shi, na shanya,
na rataye shi bayan ƙofa.